Godiya ga waɗanda suka ceto mana lissafin ƙungiya

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, lissafin ƙungiyarmu ta manoman shinkafa ya dawo hannu, kuma ba zan iya yin shiru ba sai na gode wa waɗanda suka tsaya mini.

Laifin nawa ne. Ina cikin shigar da sunayen waɗanda suka biya bashin taki aka kira sallar magariba, sai na zare filashin da nake adana lissafin a ciki a gaggauce kwamfuta ba ta gama adanawa ba. Washegari da na soka shi, Windows ta ce sai an yi masa fomatin, wato a share shi a mayar da shi kamar sabo, kafin ya buɗe. Aikin shekara 3 ne a ciki: wanda ya karɓi buhu nawa, wanda ya biya, wanda ake bi. Amanar mutane ce, ga girbi ya matso. Daren nan ko tuwo ban iya ci ba.

Godiyata ta farko ga ƙanina, da ya riƙe mini hannu ina shirin amsa wa kwamfutar. Ya ce, "Yaya, kada ka taɓa, kada kuma ka ƙara saka komai a ciki." Shi ya goya ni a mashin daga ƙauyenmu na Auyo har Haɗejiya.

Sai kai, Malam, mai shagon gyaran kwamfuta, Allah Ya saka maka da alheri. Ka zaunar da ni a benci ka yi mini bayani ba tare da raini ba: bayanan suna nan kwance, teburin da ke nuna inda kowane fayil yake ne ya lalace, kuma muddin ba a rubuta wani abu a kansu ba akwai sa rai. Ka fara kwafe filashin gaba ɗaya zuwa kwamfutarka, a kan kwafin ka yi aiki da PhotoRec, manhajar da ke dawo da fayilolin da suka ɓata. Fayilolin suka fito ba suna, ba folda, sai harafin f da jerin lambobi. Haka muka riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya, janareta na ruri a bakin ƙofa, har takardar Excel ɗin da lissafin yake ciki ta bayyana da sunan ƙauyenmu a samanta. Hannuna rawa yake yi. Da na miƙa maka kuɗi, na mai kawai ka karɓa.

Shugaba, Alhaji, na gode da ba ka ɗaga mini murya ba ko sau ɗaya. Uwargida ma ta sha haƙuri da ni kwana biyun nan.

Shigarwar ranar ƙarshe ce kaɗai ba ta dawo ba. Yanzu lissafin yana wuri uku: kwamfuta, sabon filashi, da bugagge a takarda wurin shugaba. 'Yan ƙungiya da suka biya a makon jiya, don Allah ku zo da rasitanku ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a ƙofar gidan mai unguwa, mu cike gurbin tare.