Haƙoran mataji

Talata. Tun da safe nake kan zanen nan da na yi alkawarin gamawa tun makon jiya. Jirgin yaƙi a bakin tasha ranar shigar da shi aiki, tutoci tun daga goshi har wutsiya, sojojin ruwa jere a gefe cikin fararen kaya. Ruwan ya fito yadda nake so, sararin sama ma ba laifi. Har na fara jin kaina.

Sai ga Yaya. Ya tsaya a bayana, hannu cikin aljihu, ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya nuna layin sojojin ya ce, "Waɗannan fa, haƙoran mataji ne?" Na ce mutane ne, Yaya. Ya ce to ina fuskokinsu? Ban buɗe baki ba ya ƙara da wadda ta fi zafi: "Ke, yanzu da kowa ke yawo da kamara a aljihu, wa zai zauna shafa fenti saboda bikin jirgi?"

Na ajiye buroshi, na hau bayani har da ɗaga murya. Na ce kada ya haɗa wannan da ranar da ake fasa kwalba a jikin jirgi. Waccan ta raɗa suna ce, jirgin na hannun maƙeransa tukuna. Wannan kuwa ranar da runduna ke sa shi cikin aiki ce. A Amurka sai a ɗaga wata siririyar tuta, matar da aka zaɓa ta zama uwar jirgin ta ba da umarni a hau a sa masa rai, sojoji su ruga a guje su cika shi, na'urori su fara juyi, ƙaho ya ɗauka. Kamara daƙiƙa ɗaya take cafkewa, mai zane kuwa yana iya tara su duka a allo guda. Na ma gaya masa zanen da ake bugawa don tunawa da ranar, sau da yawa an gama shi tun kafin bikin, daga hotuna da taswirar jirgin.

"Wato ƙarya kuke zanawa," in ji shi.

Nan na kawo masa Turner, mai zanen nan na Ingila. Jirgin yaƙin Ingila mai suna Temeraire ya yi yaƙin Trafalgar a 1805, a 1838 aka ja shi ta kogin Thames zuwa inda za a farfasa shi. A lokacin an riga an cire masa dogayen sandunan filafilai, amma Turner ya mayar masa da su a zanensa na 1839, kuma yau Ingila ta sa hoton a takardar fam 20. Yaya ya yi dariya ya ce, "Kin ga, wannan ai jana'iza ce. Kawo mini na ranar biki wanda duniya ta sani." Ya fita abinsa.

Ban samu ba. Na yi ta juya abin a raina har la'asar.

Auta ya zubar da ruwan wanke buroshi. Ban ko yi faɗa ba.

Da dare na koma kan Willem van de Velde, uba da ɗa, masu zanen jiragen ruwa, mutanen Holan da suka koma Ingila. Sarki Charles na II ya yanka wa kowannensu fam 100 a shekara, uban ya zana, ɗan ya sa launi, aka ba su ɗakin aiki a Greenwich. Uban har ƙaramin jirgi yakan shiga ya bi runduna cikin yaƙi yana zane. Na ƙara girman hotunansu a kwamfuta: igiya ɗaya ba su bari ba, kowace bindiga da tagarta. Mutanen kan jirgin kuma? Ƙanana ƙwarai, wasu ɗigo ne kawai da hula. Da farko na ji daɗi, na ce gobe sai Yaya ya gani. Daga baya daɗin ya gudu. Su fa ɗigo-ɗigon da ke zanena ne za su kwana cikin ƙarfen nan wata da watanni, su ne iyayensu ke leƙe daga kujeru ranar bikin, kowa na neman nasa.

Na ɗauko buroshi mafi siranta, na gwada yi wa uku na gaba fuska. Biyu suka caɓe, na goge. Na ukun ya fito da hanci irin na Yaya sak. Na bar shi a haka.