Yoyon baƙin mai a ƙasan Corolla: ga inda aiki ya kwana

'Yan uwa masu koyo, an rufe kwanon man ƙasan inji, yoyo ya tsaya. Corolla ce ƙirar 2006 mai injin 1ZZ, lokacin fahas ɗinta, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, ya matso, kuma kun san a nan Jidda ba a sabunta istimara, wato takardar rajistar mota, sai mota ta ci fahas.

Kafin ku taɓa noti ko ɗaya, ku wanke ƙasan injin tas, ku ɗan zaga da motar, sannan ku leƙa da tocila. Mai daga sama yake gangarowa. Yana iya tsattsafowa daga murfin saman inji ko gindin filta, ya zo ya taru a leɓen kwano, a ɗora wa kwano laifi. Nawa dai daga leɓen ne, ta kusurwar da ke wajen bel.

Wannan injin ba shi da gasket na roba a wurin, gam ake shafawa, wanda Toyota ke kira FIPG. Wani mai shago a sana'iyya, unguwar gareji da kayan gyara, ya so ya haɗa ni da na kwali, na ce a'a, Alhaji, ba ni gam ɗin.

Na fara bayan sallar asuba, don da rana ta ɗaga kwalta ba ta kwantuwa. Na ɗaga motar na ɗora ta kan ƙafafun ƙarfe. Jak kaɗai ba abin shiga ƙarƙashi ba ne, ko na minti ɗaya. Juye mai da kwance notuna da sifana mai lamba 10 ba su da wuya. Ɓamɓaro kwanon ne sai da lallashi: wuƙa mai faɗi, ana bubbuga ta a hankali ana zagayawa. Sukudireba lanƙwasa leɓen take yi, leɓe kuwa in ya lanƙwashe ko kwalin gam guda ka matse sai ya ɗiga.

Ainihin aikin shi ne kankara. Tsohon gam ya ƙeƙashe, ya maƙale a cikin kwarmin leɓen da kewayen kowane ramin noti. Ɓangaren injin alminiyam ne, da roba na kankare shi don kar ya yi zane. Mai kuma bai daina ɗigowa daga ciki ba, kana gogewa yana dawowa, har sai da na cusa tsumma na ba shi lokaci ya tsane. Gam ba ya kama wurin da ke da maiƙo ko kaɗan. Farin tsumma shi ne alƙali: in ya fito da dabbare, a sake gogewa.

Zaren gam ɗin kaurin milimita 4, ba yankewa, a bi ta gefen ciki na ramukan noti, a ɗora kwanon cikin minti uku kafin ya fara bushewa. Kar a labta, rarar kan gutsure ta toshe rariyar famfon mai. Notunan Nm 9 kawai suke so a ma'aunin ƙarfin ɗauri, a ɗaure su a gicciye. Hannu zai ce bai isa ba, kar ku saurare shi.

Ƙa'ida a jira aƙalla awa biyu kafin a zuba mai, ni sai bayan la'asar na zuba, da sabon zoben washa a notin juye mai. Ina ƙarƙashin ne na hango robar shaft ta hagu, wadda ke rufe gaɓar sandar da ke juya taya, ta tsage, giris ya fantsama a cikin taya. Ita ce a layi ranar Juma'a, wanda ke da filayar ɗaure zobenta ya ara mini.