Sau uku na haɗa mutum shida kafin na gane abin da nake ƙirgawa

Ranar da na fara zama haɗa tawaga a Icewind Dale, na kusa cinye awa biyu ban taka ko'ina ba. Wannan gem ɗin na kwamfuta, wanda Black Isle Studios suka fitar a 2000, ba ya haɗa ka da abokan tafiya a hanya kamar yadda gem ɗin Baldur's Gate yake yi. Gurbi shida yake ajiye maka, kai za ka cike su: jinsin kowa, sana'arsa, makamin da ya ƙware a kai, har sunan da za a kira shi. Ni kuwa a lokacin lamba ɗaya ce ta ɗauke mini hankali, wato ƙarfin damtse. Na yi ta sake jefa ƙuri'a ina neman 18, idan ba ta fito ba in sake. Da na tashi, ga abin da ke hannuna: mayaƙa uku masu takobi, maharbi ɗaya, masihirta biyu. Babu ɓarawo, don a ganina ɓata gurbi ne. Babu firist, wato malamin addini mai warkarwa, don na ɗauka kwalaben magani za su ishe ni.

Da farko abin ya yi daɗi. Ƙananan maƙiyan da ke kewayen garin Easthaven ba su iya tsayawa gabanmu ba. Masihirci ya jefa laƙanin barci, rabinsu su zube, mayaƙa su bi su ɗaya bayan ɗaya. Har muka isa Kuldahar ina ganin na gano bakin zaren.

Kaburburan Vale of Shadows ne suka nuna mini ba haka ba ne. Matattun da ke tashi su yi faɗa a can ba sa barci, saboda haka laƙanin da na dogara da shi ya tashi a banza. Kwarangwal ba shi da naman da kibiya za ta huda ko takobi ya yanka, abin da ke karya shi guduma ce ko kulki, ni kuma ko mutum ɗaya ban koya wa riƙe su ba. Maharbina yana ta zuba kibau, jinin maƙiyi ko gezau. Ga tarko a lunguna, ba mai ganin sa sai wanda ya taka. Amma abin da ya fi ci mini rai ba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Muna cin faɗa, kusan kowanne muna ci, sai dai kowane nasara tana tafiya da wani yanki na jininmu, kuma babu mai mayar da shi. Kwalabe suka ƙare, kuɗin da ya kamata ya tafi kan sulke ya tafi kan magani, hutu kuma ba firist ba ya ƙara wani abin kirki. A nan na fara fahimtar cewa ba faɗa ɗaya ake gwada tawaga da shi ba. Ana gwada ta ne da tsawon tafiyar da za ta iya yi tsakanin hutu da hutu, da kuma halin da take ciki idan ta iso ɗaki na goma.

Na goge komai na koma farko.

A karo na biyu sai na wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Na ce tunda daidaito ake nema, bari in ɗauki ɗaya daga kowace sana'a: wada mayaƙi, firist, ɓarawo, masihirci, mawaƙi, da mai asirin daji. A ido, tawaga ce da ba abin da ta rasa. Kuma lallai ta wuce kaburburan nan cikin sauƙi. Firist yana korar matattu, gudumarsa tana farfasa ƙashi, ɓarawo yana gaba yana tsince tarko yana buɗe akwatuna. Na ji daɗin wannan tafiyar ƙwarai.

Sai muka shiga kogon Dragon's Eye, inda maƙiya ba sa zuwa biyu-biyu. Garke suke fitowa, kuma mutum ɗaya ne kawai a tawagata da zai iya tsayawa a sare shi bai faɗi ba. Dokokin da gem ɗin ya ginu a kai, na bugu na biyu na Advanced Dungeons & Dragons, ba su ɓoye wannan ba: a kowane mataki mayaƙi yana iya samun ƙarin jini, wato makin rai, har 10, firist 8, ɓarawo 6, masihirci 4 kacal, kuma shi ba ya iya sihiri da sulke a jikinsa. Wadan nan yana iya tare uku. Na huɗu da na biyar sai su zagaye shi su nufi masihirci, wanda sara ɗaya ya isa ya wargaza laƙanin da yake tsakiyar haɗawa, sara biyu ko uku kuma ya kwanta. Ranar da wani matsafin maƙiya ya sandarar da wadan, ya tsaya cak da gatari a hannu, ban kai ga yin komai ba sauran biyar suka watse.

Na daɗe ina tunanin wannan faɗuwar, don ta fi ta farko ciwo. Ta farko ganganci ne. Ta biyu kuwa na bi abin da kowa ke cewa, na kuma faɗi. Abin da na gano shi ne sunayen sana'o'i nake ƙirgawa, alhali ayyuka ya kamata in ƙirga. Sai na ɗauki takarda na rubuta abin da kogo yake tambaya. Wa zai tare ƙofa? Wa zai mayar da jini? Wa zai ga tarko? Wa zai katse matsafin da ke can bayan sahu kafin ya gama karatunsa? Wa zai tsayar da garke? Sannan a gaban kowace tambaya na ƙara wata, wadda ita ce ta canza mini wasan gaba ɗaya: idan wannan mutumin ya faɗi, wa zai karɓa? Duk aikin da suna ɗaya ne tak a gabansa, to nan ne za a karya ni.

Ayyukan kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne, wannan shi ne kuskuren "ɗaya daga kowanne". Tare gaba aiki ne na kowane daƙiƙa a kowane faɗa. Buɗe kwaɗo da kwance tarko aiki ne na lokaci-lokaci, ana yin sa idan ƙura ta lafa. Ba adalci ba ne a ba su gurbi iri ɗaya. Tsofaffin masu ƙera irin waɗannan wasanni sun san haka tun tuni. A Wizardry na 1981 ma mutum shida ne, ukun gaba su ne ke kai sara su karɓi sara, ukun baya suna fakewa da su. Rabin tawaga kenan a bakin daga.

Tawaga ta uku da wannan lissafi na gina ta. A gaba na sa barde, wato mayaƙin addini, da wada mayaƙi, ɗaya da takobi, ɗaya da guduma, don kada kwarangwal ya sake samun mu hannu rabbana. Barden shi ne mai magana da 'yan kasuwa, tunda sana'arsa ba ta karɓar kwarjini ƙasa da 17, kwarjini kuma yana rage farashi. Firist na daina ajiye shi a baya kamar mai jiran majinyata. Sulke mai nauyi ba ya hana shi aikinsa, saboda haka na lulluɓe shi da ƙarfe na ba shi garkuwa, ya zama mutum na uku a sahun gaba. A nan sai mai koyo ya yi hattara, don a waɗannan dokokin lambar sulke raguwa take yi idan kariya ta ƙaru: mai 2 ya fi mai 8 tsira.

Ɓarawo zalla kuma na sallame shi, na kawo mai sana'a biyu, mayaƙi kuma ɓarawo. Makin gogewarsa, wanda da shi ake hawa mataki, rabuwa yake yi tsakanin sana'o'in biyu, don haka hawansa a hankali ne, kuma dole ya haƙura da sulken fata idan zai yi aikin tarko. Na yarda da wannan farashin. Duk makin satar da ya samu na zuba su kan gano tarko da buɗe kwaɗo, ban ɓata ko ɗaya kan yankan aljihu ba, sauran lokacin kuma baka ne a hannunsa. Kibiyarsa ce ke katse matsafan maƙiya, kuma idan wani ya zame ta gefen mayaƙa, shi ke zare takobi ya tsaya gaban masihirci.

Masihirci ɗaya na bari. Dalilina ba raini ba ne. Firist da ya hau mataki laƙanoninsa na zuwar masa da kansu, shi kuwa masihirci sai ya samu takardar laƙani ya kwafa a littafinsa, kuma a wannan gem ɗin takardun ba su da yawa. Masihirta biyu takarda ɗaya suke wa rububi, ka ƙare da rabi da rabi. Na kuma canza abin da nake sa shi ya haddace. Da can ƙwallon wuta nake jira ya kai mataki na 5 ya samu, sai na lura cewa wutar ba ta bambance nawa da nasu, idan an riga an cakuɗe ba ta da amfani. Laƙanin da ke ɗaure ƙafafu, ko ya rage wa maƙiya gudu, ko ya ƙara wa mayaƙana sauri, ya fi ceton rai sau da yawa.

Gurbi na shida ne ya fi ba ni wahala, har na yi tunanin barin sa fanko, tunda makin gogewa raba shi ake yi tsakanin 'yan tawaga, mutum biyar sun fi shida saurin hawa. Amma takardata ta nuna mini inda suna ɗaya ya rage: waraka. Idan firist ya faɗi, ba mai tashe shi tsaye. Sai na mayar da mai asirin daji, ya zama mai warkarwa na biyu, da majajjawa a hannu, yana kuma kiran dabbobi su cike ƙofa idan sahu ya yi rauni.

Da wannan tawagar na koma Dragon's Eye, kuma tirol-tirol ɗin da ke ciki, wato wasu ƙattin dodanni, su ne suka gwada lissafin. Tirol idan ka sare shi ya faɗi, ba mutuwa ya yi ba, jim kaɗan zai miƙe, sai an ƙarasa shi da wuta ko asid. A tafiya ta biyu masihirci kaɗai ke da wannan maganin, laƙaninsa na ƙarewa sai gudu. Wannan karon kafin mu shiga na raba: kibiyoyin wuta a kwarin ɓarawo, kwalaben mai masu kamawa da wuta a ɗamarar barde da ta firist. Na daina shiga tsakiyar fili kuma. Ɓarawo ya leƙa, ya harba kibiya ɗaya, ya dawo da gudu, mu kuma muna jira a ƙuntataccen lungu inda mutum uku suka isa su toshe hanya.

A wani ɗaki can ƙasa, uku suka fito mana lokaci guda, masihirci kuma saura laƙani ɗaya a kansa. Na dakatar da wasan na duba kowa. Wada ya kayar da na farko, ɓarawo ya sauya kibiya ya ƙone shi a ƙasa. Na biyu ya yi wa barde mummunan rauni, na ja shi baya, firist ya matsa ya cike gurbinsa, mai asirin daji ya ɗora wa barden hannu. Kwalbar firist ce ta gama da na biyun. Na uku ya faɗi ya fara motsi zai tashi, sai masihirci ya saki kibiyar asid ɗin da na hana shi taɓawa tun shigowarmu. Ba wanda ya mutu. Na duba jakunkuna, saura kibiyar wuta bakwai da kwalba ɗaya, na ajiye wasan, na tura ɓarawo gaba ya duba mana lungun da ke biye.