Wasiƙa daga Liyon: wadda ba ta haihu ba ita ma tana da nata

Assalamu alaikum ƴan uwa na Maradi, manya da ƙanana. Ina gaishe ku daga Liyon ta ƙasar Faransa, inda nake aikin kula da tsofaffi shekara tara ke nan. Ina gajiya, ina iyali? Allah ya ba mu damina mai albarka.

Ƙanwata ce ta sa ni wannan rubutu. Tana aikin jinya a wata likita nan Maradi, ta kira ni da dare tana kuka. Sallar Layya uku a jere ita ake bar wa aikin kwana. Da ta yi magana, babbarsu ta ce mata: "Haba ƙanwata, ke wa za ki yi wa kitson salla? Bari masu yara su tafi gida, Allah ya kawo naki." Shekara shida da aurenta, haihuwa ba ta zo ba tukuna. Ni ma ban haihu ba, kuma irin wannan magana na sha ta har a nan ƙasar Turawa, harshe ne kawai ya bambanta.

A nan doka ta ba kowane ma'aikaci hutun sati 5 a shekara. Mai haihuwar fari ko ta biyu tana da sati 16, ta uku sati 26. Uba kuma, tun Yulin 2021, yana da kwana 28. Ban taɓa jin zafin ko kwana ɗaya daga ciki ba. Duk wadda ta zauna kusa da mai jego ta san ba hutu take yi ba. Sati 14 da dokar aikin Nijar ta ba mata ma, ni a ganina ya yi kaɗan: ta gama arba'in, jikinta bai gama komawa ba, sai ga ranar aiki ta matso.

Inda rigima take shi ne rabon lokaci. Kowa Yuli da Agusta yake so, lokacin da makarantu ke rufe, kuma kullum masu yara ake fara tambaya. Ni sai a tura ni Nuwamba. Shekarar da ciwon Inna ya tsananta na roƙi Agusta, aka ce in yi haƙuri, iyalai ne a gaba. Na tsaya ina kallon takardar da aka manna a bango, ina tambayar kaina: uwar da ta haife ni ba iyali ba ce? Abin da ya fi ci mini rai, dokar tasu da kanta ta ce a duba wanda ke da tsoho mara ƙarfi a gidansa. Sai dai tawa tsohuwar tana unguwar Zariya ta Maradi, ba ta cikin takardunsu. Da ta rasu, kwana 3 doka ta ba ni. Daga nan zuwa Yamai, sannan fiye da kilomita 600 a mota, na iso an riga an share makoki na uku.

Ku da ke gida kun fi Turawa sanin cewa ba haihuwa kaɗai ke sa mutum ɗawainiya ba. Ƙanwar nan tawa tana riƙon ƴaƴa biyu na yayanmu, ita ke ɗinka musu kayan salla, ita ke kai su likita da dare in zazzaɓi ya tashi. A Bagalam, a Mokoyo, a Tibiri, gida nawa ne gwaggo ko inna da ba ta haihu ba ta raini yara har ta aurar da su? Amma a wurin aiki sai a ce "ai ita ba ta da kowa". Wasu ma a bayan idonta juya suke ce mata. A ƙasar da binciken 2012 ya nuna mace na haihuwar fiye da ƴaƴa 7, wadda ba ta samu ko ɗaya ba tana ɗauke da abin da ya ishe ta tun daga gidan miji.

Ban ɗora laifin a kan uwaye ba. Idan mace ta tafi haihuwa ba a kawo madadinta ba, aikinta yana faɗawa kan wadda aka ga ba za ta iya cewa a'a ba. Shugabanni sun tsimi kuɗi, mu kuma aka bar mu muna hararar juna. A nan an ɗan fara gyarawa: dokar 2014 ta yarda ma'aikaci ya ba abokin aikinsa kwanakin hutunsa idan ɗansa na ciwo mai tsanani, a 2018 aka haɗa da mai jinyar tsoho.

Roƙona ga masu rabon aiki a likitoci, makarantu da ofisoshin Maradi: ku rubuta kwanan salla bi da bi, kowa ya ga sunansa tun farkon shekara. Ke kuma yaya mai yara, in an riƙe miki aiki wata uku, ki tambayi wadda ta riƙe yaushe take son nata hutun.

Na ce wa ƙanwata ta je ta sami babbar tasu cikin ladabi tun kafin watan Layya ya kama, ta nemi a rubuta. Ta ce za ta je ranar Litinin. Ku taya ta da addu'a.

Taku, ƴar Zariya a Liyon.