Rigar sule bakwai

Ranar Laraba da la'asar aka dawo da 'yar maƙwabciyarmu daga birni. Wata takwas ta yi tana aikatau a Kano, sai uwar ɗakinta ta ce turmin atamfa ya ɓata, kuma ita ake zargi. Motar da ke zuwa kasuwar Ringim ce ta sauke ta a gindin tsamiya, kayanta ƙunshe a leda. Muna surfe a tsakar gida muka jiyo uwar ta katanga tana kuka: "Ke dai kin dawo min, ko me suka ce kin ɗauka."

Daren nan na kasa barci, ina ta tuna wata yarinya da na karanta labarinta tun ina kwalejin horon malamai. Sunanta Elizabeth Hayward, shekararta 13. A 1787 kotu a Landan ta same ta da laifin ɗaukar riga da hula da mayafi daga gidan da take koyon sana'a, kayan sule 7. Kakata har ta rasu da sule take lissafi, shi ya sa adadin ya zauna min. Aka yanke mata shekara 7 a Ostareliya.

Da can Amurka Ingila take jibge fursunoninta. Da Amurka ta ƙwaci 'yancinta sai kurkuku suka cika, har tsofaffin jirage a kogin Thames aka mayar gidan yari. A watan Mayun 1787 jirage 11 suka tashi daga Portsmouth, suka yi wata takwas a ruwa, suka isa inda birnin Sidni yake yanzu a Janairun 1788. Mata fursunoni kusan 190 ne a ciki. Ƙasar kuwa da masu ita, mutanen Eora, waɗanda agana ta yi wa mummunar ɓarna a shekarar da ta biyo.

Yunwa fursunonin suka fara tararwa. Rabon abincin mace kashi biyu ne cikin uku na namiji. A 1790, ana zuba ido a ga jirgin abinci, sai ga Lady Juliana da ƙarin mata fiye da 200.

Aikinsu shi ne dai wannan aikatau ɗin. Hukuma ta raba su gidaje, wanki da girki da raino, ba su da ta cewa a kan inda za a kai su. Ita Elizabeth gidan limamin coci aka tura ta, kuma a 1789 aka yanke mata bulala 30 wai ta yi rashin kunya.

Daga baya aka gina musu gidan tsarewa a Parramatta, kusa da Sidni, aka buɗe a 1821, suna kaɗi da saƙar ulu da wankau. Horon da suka fi ƙi a can shi ne aski. Duk macen da ta taɓa wuni a gaban mai kitso ta san abin da ake nufi: a zaunar da ke a gaban jama'a a kwashe gashin tas, don kowa ya gan ki ya san an wulaƙanta ki. Ba su yi shiru ba kuwa, a 1827 sun ɓalle ƙofa sun fantsama cikin gari saboda an rage musu abinci.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yaye. Mu nan sai yaro ya kusa shekara biyu, a kai shi wurin kaka, a dama masa kunu. A gidan tsare mata na Cascades da ke garin Hobart, wadda ta yi ciki a gidan aiki ita ake mayarwa a tsare, ba a neman uban cikin. A raba ta da jariri yana 'yan watanni, ita kuma ta shiga horon wata 6. Jarirai da yawa a nan suka mutu.

An fi son ba da labarin Mary Reibey, wadda aka kai saboda satar doki ta zama attajira, hotonta yana kan takardar dala 20 ta ƙasar. Na yi mata murna. Amma mata kusan 25,000 aka kai, kuma shekara bakwai ɗin a takarda kawai take. Namiji in ya gama wa'adinsa zai iya aikin jirgi ya biya kuɗin komawa. Mace ba ta da wannan hanyar. Akasarinsu ba su sake ganin iyayensu ba. Elizabeth ma can ta tsufa.

Jiya na leƙa gidan maƙwabciyar tamu. Na tarar yarinyar zaune tsakanin ƙafafun uwarta, ana tsefe mata kitson da ya yi wata biyu. Uwar ta ce matar da ke kai yara birni ta riga ta aiko, wai akwai wani gida a Kaduna. Na ce, "Yaya, don Allah ki bar min ita zuwa bayan kaka. Akwai benci a ajina." Ba ta amsa ba, ta ce dai in miƙo mata man kitso.