Layi ɗaya da ya jawo min faɗan oga

Lokacin da na fara aiki a wani ɗan kamfani a Wuse 2, ni dai in kuweri, wato umarnin da ake rubutawa don zaƙulo bayanai daga databes (rumbun bayanai), ya gudu ya kawo amsa to shikenan, yadda aka rubuta shi ba ruwana. A layi ɗaya nake zuba komai, dogo kamar layin gidan mai. Shi SQL ɗin, yaren da ake rubuta kuweri da shi, ko a jikinsa, sarari da sabon layi duk ɗaya ne a wajensa, SELECT da manyan baƙaƙe ko ƙanana ma bai damu ba.

Rannan oga ya ce in fito da kwastomomin Kubwa da Gwarinpa da ba su biya ba a tura musu tes. Can ƙuryar layin na rubuta WHERE unguwa = 'Kubwa' OR unguwa = 'Gwarinpa' AND biya = 0, na ga sunaye sun fito sai na tura na tafi masallaci abina. Ashe AND ake fara lissafawa kafin OR, wato sharaɗin biyan ya maƙale wa Gwarinpa kaɗai, mutanen Kubwa kuwa kaf aka kwaso har waɗanda suka biya tun farkon wata. Washegari waya ba ta huta ba, wata Hajiya har ofis ta zo da rasit a hannu.

Anti ɗin da ke kula da databes ba ta ce min uffan ba, kujera ta ja ta kakkarya layin. SELECT a layinsa, FROM a nasa, kowane JOIN mai haɗa tebur biyu na bayanai da ON ɗinsa a ƙasa, sharuɗɗan WHERE ɗaya bayan ɗaya an ɗan tura su ciki. Ta ce "ƙanena, karanta min". Wallahi kafin in kai ƙarshe na ga inda baka biyu ya kamata ya rungume Kubwa da Gwarinpa.

Tun ranar na daina yi wa tebur laƙabi da a, b, c, bayan wata uku ni kaina ba na tuna waye b. Kuweri cikin kuweri kuma WITH nake sa wa, kowane mataki da sunansa, tunda manhajar databes ɗinmu MySQL 8.0 ce, daga ita MySQL ta fara samun WITH a 2018. In ina sauri sai in danna Ctrl+Shift+F a DBeaver, manhajar da nake rubuta kuweri a ciki, ya jera min layukan da kansa, duk da shirin nasa bai cika yi min ba.

Waƙafi ne dai har yau muke musu da Anti, ita a farkon layi take sa shi wai in ka cire kolum na ƙarshe ba abin da zai fashe, ni kuma idona ya ƙi sabawa.