Likitan da aka saya fam goma

Daren jiya barci ya ƙi zuwa, sai na kunna Captain Blood, tsohon fim ɗin kamfanin Warner Bros. na 1935, baƙi da fari. Ƙanena ya leƙo, ya ga alƙali da gashin ƙarya har kafaɗa, ya ce, "Yaya, wannan kam sai kai." Ya ja mini ƙofa.

Ni ma'aikacin jinya ne, shi ya sa farkon fim ɗin ya fi kama ni. Peter Blood likita ne ɗan Ailan mazaunin Ingila. A 1685, bayan an murƙushe tawayen da basarake Monmouth ya yi wa sarkin Ingila, aka zo aka kira shi ya duba wani ɗan tawaye da ya ji rauni. Sojojin Sarki James na Biyu suka tarar da shi kan majinyaci. Laifin ke nan, ba wani ba. Alƙali Jeffreys ya yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi bawa, aka loda su a jirgi sai Port Royal ta Jamaika. A kasuwa, wata budurwa mai suna Arabella Bishop ta saye shi fam goma. Mu da ba ma tambayar wanda jini ke zuba a jikinsa ɓangarensa kafin mu ɗaure ciwo, sai da cikina ya juya.

Daga nan fim ya ɗau zafi. Spaniyawa suka kawo hari, bayin suka ƙwace musu jirgi, likita ya zama ɗan fashin teku. Errol Flynn, wanda ya fito a matsayin Blood, yana da shekara 26 lokacin, ba a san shi ba, Olivia de Havilland, mai fitowa a matsayin Arabella, kuma 19, amma in ya yi wannan murmushin nasa sai ka rantse a kan ruwa aka haife shi. Karon takobinsa da Basil Rathbone, wanda ya fito a matsayin wani ɗan fashin teku, a bakin teku na mayar da shi sau uku. Jiragen kuwa ashe ƙanana ne aka sassaƙa, kiɗan da Korngold ya tsara wa fim ɗin ne ke ƙara musu girma.

Abu ɗaya ya tsaya mini a wuya. Gonakin raken Jamaika bayi baƙar fata daga Afirka ne suka ɗauke su a ka, amma fim ɗin bautar Bature kaɗai yake wa kuka. A ƙarshe an kori James, sabon sarki William ya hau mulkin Ingila, an yafe wa Blood har an naɗa shi gwamna. Waɗancan kuwa ko waiwayarsu kyamara ba ta yi ba.

Na kashe kwamfuta ƙarfe biyu saura, ga aikin safe na jira.